Jerusalema: Abin da ya kamata ku sani game da waƙar da ta sa duniya rawa a lokacin kulle

A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu da kasuwanni da filayen jirgin sama, akwai wata waƙa da ta riƙa tsallake iyakokin da aka garƙame. Sunanta Jerusalema. Daga Afirka ta Kudu ta fito, kuma da harshen Zulu aka rera ta, harshen da akasarin waɗanda suka taka rawarta ba sa jin ko kalma ɗaya a cikinsa. Ma'aikatan jinya sun yi rawar a farfajiyar asibiti, 'yan sanda da 'yan kwana-kwana sun yi ta sanye da kaki, haka ma ɗalibai da limaman coci da ma'aikatan jiragen sama.

Mutane da yawa sun ɗauki wannan tashe a matsayin sa'a kawai. Akwai sa'a a ciki, babu musu. Sai dai idan aka bi sawun waƙar tun daga ɗakin naɗar sauti har zuwa gaban alƙali, za a ga yadda kasuwar waƙa take tafiya a wannan zamani: yadda ake zaɓen ranar fitarwa, yadda rawa ke tallata waƙa, da kuma dalilin da ya sa wanda aka fi jin muryarsa ba lallai ne ya fi kowa samun kuɗi ba.

Su wa suka yi waƙar?

Mutum biyu ne sunansu ke kanta. Na farko shi ne Master KG, wanda sunansa na yanka Kgaogelo Moagi. An haife shi a 1996 a wani ƙauye kusa da garin Tzaneen da ke lardin Limpopo, a arewacin Afirka ta Kudu. Mai haɗa kiɗa ne da kwamfuta, kuma ya ƙware a wani salon kiɗan yankinsu da ake kira Bolobedu. Ya fara suna a 2018 da kundinsa Skeleton Move, a ƙarƙashin wani kamfanin waƙa na cikin gida mai suna Open Mic Productions. Shekararsa 23 lokacin da Jerusalema ta fito.

Ta biyu ita ce mai muryar, Nomcebo Zikode, haifaffiyar Hammarsdale a lardin KwaZulu-Natal. Ta shafe shekaru masu yawa tana aikin 'yar amshi ga wasu mawaƙa, muryarta na cikin waƙoƙin mutane amma sunanta ba ya fitowa. A 2018 ne aka fara saninta sosai, bayan waƙar Emazulwini da ta yi da DJ Ganyani. A watan Agustan 2019 Master KG ya kira ta sutudiyo ya kunna mata kiɗan, ita kuma ta ɗora baitoci. Ta sha faɗa a hirarraki cewa a wancan lokacin tana cikin damuwa, har ta kusa haƙura da sana'ar waƙa.

Me waƙar ke cewa?

Addu'a ce. Mai waƙar tana roƙon Ubangiji kariya da jagora, tana begen wani gida da ya fi wannan duniya. Birnin da sunan waƙar ya ambata shi ne Kudus, ko Urushalima a bakin Hausawa Kirista, amma a waƙoƙin coci na Afirka ta Kudu ana nufin birnin sama ne, wato makomar masu imani. Waƙar ba ta shafi siyasar Gabas ta Tsakiya ba.

Abin da ya bambanta ta da waƙoƙin coci na yau da kullum shi ne kiɗan. An ɗora addu'ar a kan kiɗan gidan rawa mai bugu ɗaya da ba ya sauyawa, kusan bugu 124 a minti guda, daidai saurin da mutum zai iya bi da ƙafa ba tare da ya yi haki ba. Kalmomin kaɗan ne, ana ta maimaita su, don haka wanda bai iya Zulu ba ma yana iya bin karin. Kuma tun da babu batsa a ciki, shugaban asibiti ko na makaranta ba ya jin nauyin barin ma'aikatansa su taka ta a bainar jama'a. Wannan ya buɗe mata ƙofofin da waƙoƙin rawa da yawa ba sa shiga.

Me ya sa aka sake ta ita kaɗai, kuma a ƙarshen Nuwamba?

Sakin waƙa ɗaya tilo kafin kundi tsohuwar dabara ce. Tun zamanin faifan garmaho ake buga ƙaramin faifai mai waƙa ɗaya a kowace fuska, a kai gidajen rediyo a gwada kasuwa. Idan jama'a sun karɓa, sai babban kundi ya biyo baya. Yau an rage amfani da faifai, amma dabarar na nan. An saki Jerusalema ranar 29 ga Nuwamban 2019, bidiyonta ya fito a Disamba, kundin da ke ɗauke da sunanta kuma ya zo a Janairun 2020.

Ranar da aka zaɓa Juma'a ce. Tun watan Yulin 2015 manyan kamfanonin waƙa na duniya suka amince a riƙa fitar da sababbin waƙoƙi ranar Juma'a a ko'ina, kuma manyan jadawalan da ke lissafa waƙoƙin da suka fi kasuwa suna fara ƙirgen mako daga ranar. Wanda ya saki waƙarsa Talata ya yi asarar kwanaki a lissafin makon farko.

Watan ma yana da dalili. A Afirka ta Kudu Disamba lokacin zafi ne kuma lokacin babban hutu. Ma'aikata na barin birane irin su Johannesburg su koma garuruwansu, ana bukukuwan aure, ana Kirsimeti, gidajen rediyo kuma na zaɓen waƙar shekara a jajibirin sabuwar shekara. Duk mawaƙin da ke son waƙarsa ta mamaye motocin haya da wuraren biki yakan sake ta ana saura 'yan makonni. Jerusalema ta yi abin da aka shirya ta yi: ta zama ɗaya daga cikin waƙoƙin hutun shekarar a gida. Da a ce abin ya tsaya nan, da ta yi wata uku ko huɗu ta ba wata wuri.

Daga ina rawar ta fito?

Rawar da duniya ta sani ba daga bidiyon Master KG ta fito ba, ba ma daga Afirka ta Kudu ba. A watan Fabrairun 2020 wasu matasa 'yan rawa a Angola, masu kiran kansu Fenómenos do Semba, suka ɗauki wani gajeren bidiyo a tsakar gida. Kowa na riƙe da farantin abinci, suna ci suna taka rawa a jere, babu ado babu fitilu. Bidiyon ya bazu a ƙasashen da ke magana da harshen Fotugis, ya shiga Fotugal, wadda ita ta yi wa Angola mulkin mallaka kuma 'yan Angola da yawa ke zaune a can. Daga nan ya watsu cikin Turai.

Rawar mai sauƙin koyo ce. Ana miƙa ƙafa ɗaya gaba a buga ƙasa sau huɗu, a sauya ɗayar, sai a riƙa musanya su da sauri, a taka gaba, a juya gefe, a ja da baya, sannan a sake daga farko ana fuskantar wata kusurwa. Yaro zai iya, tsohuwa ma za ta iya.

Lokacin da ta zo shi ne babbar sa'arta. Ranar 11 ga Maris ɗin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, ƙasashe suka shiga kulle. An hana musabaha, an hana cunkoso, an ce a bar tazara. Ga rawa wadda ake yi cikin jama'a amma babu mai taɓa wani, kowa na tsaye a layinsa. Ma'aikatan asibitin da suka gaji da ganin gawa suka samu abin da za su yi tare na 'yan mintoci. Kowace tawaga ta ɗauki nata bidiyon ta ƙalubalanci wata, abin ya zama gasa wadda babu alƙali babu kyauta. A farkon 2021, alal misali, 'yan sandan Suwizalan sun ƙalubalanci takwarorinsu na Ailan, su kuma suka mayar da martani da nasu bidiyon.

Mai karatu a ƙasar Hausa zai tuna cewa a shekarar 2020 ɗin ce waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta yi irin wannan tashe, inda matan aure suka riƙa ɗaukar bidiyo suna yi wa mazajensu rawa, har abin ya jawo muhawara. Al'ada daban, waƙa daban, amma hanyar yaɗuwar ɗaya ce: mutanen da ke zaune a gida da waya a hannu su ne suka yi wa waƙar talla kyauta.

Me ya kawo Burna Boy cikin maganar?

Ranar 19 ga Yunin 2020 aka fitar da sabon zubin waƙar, abin da matasa ke kira rimis, tare da Burna Boy na Najeriya. Rimis hanya ce ta tsawaita rayuwar waƙa. Ana barin kiɗan da amshin yadda suke, a gayyato wani mawaƙi mai nasa mabiyan ya ƙara baiti, sai gidajen rediyo da manhajoji su karɓe ta kamar sabuwa. Burna Boy ya riga ya yi suna a Ingila da Amurka, don haka ya buɗe mata kasuwar da ba ta kai ba. A Satumba aka sake yin wani zubin da Micro TDH na Benezuwela da Greeicy ta Kolombiya, domin masu jin Sifaniyanci.

Haɗuwar da Burna Boy tana da wata ma'ana ta daban. A Satumban 2019 an kai wa baƙi 'yan Afirka hare-hare a Johannesburg da Pretoria, ciki har da 'yan Najeriya, dangantakar ƙasashen biyu ta yi tsami. Burna Boy ya fito ya ce ba zai sake taka Afirka ta Kudu ba sai gwamnati ta ɗauki mataki, kuma wani wasa da aka shirya da shi a can a Nuwamban shekarar an soke shi saboda ce-ce-ku-ce. Watanni bayan haka sai ga muryarsa a kan waƙar da ƙasar ta fi alfahari da ita, har yana rera wani ɓangare da Zulu.

Yaya aka san ta yi kasuwa?

Da waƙar ta fara motsi a Turai, sai babban kamfani ya shigo. Reshen Warner Music na Faransa ya karɓi lasisin tallata ta a ƙasashen waje, aka sake fitar da ita a tsakiyar 2020, aka gutsure tsawonta domin ta dace da rediyo. Ƙaramin kamfani na iya yin waƙa, amma shigar da ita gidajen rediyon Faransa da Italiya da Jamus aiki ne na mai ofisoshi da ma'aikata a waɗannan ƙasashe. Waƙar ta hau mataki na ɗaya a Beljiyam da Romaniya da Suwizalan, ta kuma shiga goman farko a wasu ƙasashen Turai da dama.

Wani ma'aunin shi ne Shazam, manhajar da ake kara wa waƙa ta faɗi sunanta da na mawaƙin. A Satumban 2020 Jerusalema ce waƙar da aka fi nema da manhajar a duk duniya. Wannan na nuna cewa mutane na jin ta a titi ko a bidiyon wani, ba su san mai ita ba, suna son su sani. Bidiyonta a YouTube daga baya ya haura kallo miliyan 500.

A gida ma ta zama abin gwamnati. A jawabin da ya yi na sassauta dokar kulle a tsakiyar Satumban 2020, Shugaba Cyril Ramaphosa ya nemi 'yan ƙasar su taka rawar Jerusalema ranar 24 ga watan, ranar bikin al'adun gargajiya. A Nuwamba Master KG ya lashe kyautar MTV ta Turai ta gwanin mawaƙan Afirka, inda ya doke Burna Boy da Rema. Rabon da wata waƙar rawa daga Afirka ta Kudu ta zagaye duniya haka, wasu na cewa tun Pata Pata ta Miriam Makeba a 1967.

Me ya sa aka nemi 'yan sandan Jamus su biya kuɗi?

A Fabrairun 2021 labari ya fito cewa Warner Music ya aika wa wasu hukumomi da kamfanoni a Jamus takardun neman kuɗin lasisi saboda bidiyon rawar da suka wallafa. Ma'aikatar cikin gida ta jihar North Rhine-Westphalia ta tabbatar da cewa ta biya a madadin 'yan sandanta. Mutane da yawa sun fusata, suna cewa ai su suka tallata waƙar.

Fahimtar wannan na buƙatar sanin cewa kowace waƙa tana da haƙƙin mallaka iri biyu. Na farko haƙƙin ƙirƙira ne, wato na wanda ya tsara kalmomi da kari da kiɗa. Na biyu haƙƙin sautin da aka naɗa ne, wanda galibi yake hannun kamfanin da ya biya kuɗin sutudiyo. Kamar mai fili ne da wanda ya yi gini a kai: duk mai son shiga gidan sai ya san da su biyun.

Manhajoji irin su TikTok da YouTube suna da yarjejeniya da kamfanonin waƙa, wadda ta ba mutum damar sa waƙa a bidiyonsa na nishaɗi. Amma idan kamfani ko hukuma ta haɗa waƙa da hotunanta, tambarinta na fitowa, ana ɗaukar wannan a matsayin tallata kai, kuma yana buƙatar lasisi na daban. Rawar kanta ba ita aka nemi a biya ba. Sautin da aka ɗora a kan bidiyon shi ne abin biya.

To, kuɗin wa ya ci?

Kuɗin waƙa na shigowa ta hanyoyi da dama: sauraro a manhajoji, tallan da ke fitowa a YouTube, kunnawa a rediyo da talabijin, lasisin fim da talla, sai kuma wasa a gaban jama'a. Spotify, alal misali, yana ƙirga sauraro ne idan an kai daƙiƙa 30, kuma ba farashi ɗaya yake biya ba. Yana tara kuɗin da ya samu a kowace ƙasa ya raba gwargwadon yawan sauraro, don haka sauraro dubu a Jamus ya fi sauraro dubu a ƙasar da kuɗin rajista ke da araha. Shi ya sa shigar Jerusalema Turai ta sauya lissafinta gaba ɗaya.

Amma kuɗin ba hannun mawaƙi suke fara faɗawa ba. Suna zuwa ga mai rarrabawa, ya cire kasonsa, su je ga kamfani, ya cire nasa da abin da ya kashe, sannan a ba mawaƙi abin da takardarsa ta ce. Idan takardar ba ta fayyace ba, rigima ta samu.

Haka kuwa aka yi. A Yulin 2021 Nomcebo Zikode ta fitar da sanarwa tana cewa kamfanin Open Mic bai biya ta ko sisi ba daga waƙar. Master KG da kamfanin suka musanta. Suka ce an yi maganar raba daidai ne, ita kuma ta nemi kashi 70 cikin 100, shi ya sa aka kasa sa hannu. Master KG ya kuma yi iƙirarin cewa ta riga ta karɓi Rand miliyan ɗaya da rabi. Kowane ɓangare ya tsaya a kan bakansa, kuma taƙaddamar da ke tsakaninta da kamfanin ta ci gaba a kotu har 2025.

Ba ita kaɗai ba ce. A 2022 wasu masu kiɗa biyu, Charmza the DJ da Biblos, sun shigar da ƙara. Na farko ya ce shi ya haɗa kiɗan, na biyu ya ce an yi amfani da wani guntun muryarsa ba da izininsa ba. Ɓangaren Master KG bai amince da iƙirarin ba. Su kuwa matasan Angola da suka fito da rawar, tsarin biyan da manhajoji ke bi bai tanadi wani kaso ga mai ƙirƙirar rawa ba, komai yawan waɗanda suka kwaikwaya. Irin wannan ne Bahaushe ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Suna dai ya yi wa Nomcebo rana. Ta fitar da kundinta na farko a 2020, ta zagaya ƙasashe tana wasa, kuma a Fabrairun 2023 ta samu kyautar Grammy tare da Zakes Bantwini da Wouter Kellerman saboda wata waƙa mai suna Bayethe.

Me wannan ya shafi mawaƙanmu?

A sutudiyoyin Kano da Kaduna da Jos, yawancin aiki da baki ake ƙulla shi. Mawaƙi ya biya mai kiɗa kuɗin zama ɗaya, a sallami 'yar amshi, kowa ya kama gabansa, sai waƙar ta bazu ta hannun masu tura waƙoƙi a waya. Muddin waƙa ba ta kawo wani abin kirki ba, babu mai tambaya. Ranar da ta fara kawo daloli daga YouTube ko wani kamfani ya nemi sa ta a talla, ranar ce kowa zai tuna irin wahalar da ya sha, kuma a lokacin zumunci ba ya raba gardama.

Doka na nan. Najeriya ta samu sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris ɗin 2023, kuma akwai Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa. Amma alƙali da hujja yake aiki. Wataƙila masu Jerusalema ba su san waƙarsu za ta wuce hutun Disamba ɗaya ba, shi ya sa aka bar maganar rabo sai daga baya.

Don haka, ya kai mawaƙi, da kai mai kiɗa, da ke 'yar amshi: kafin ku bar sutudiyo, ku rubuta wanda ya tsara baiti, wanda ya haɗa kiɗa, wanda ya mallaki sautin da aka naɗa, da kason kowa cikin ɗari. Ku sa hannu a gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. Ku yi haka tun waƙar ba ta kawo ko kwabo ba, domin a lokacin ne rabo ya fi sauƙi.